Gidan da na saya a shekarar canjin kuɗi

Sana'ata albasa, a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Asalina ƙasar Kura ce ta jihar Kano, amma ƙuruciya kawai na yi a can. Aure da haihuwa da furfura duk a Ikko suka same ni. Gidan da muke ciki yanzu a Ikorodu na saye shi ne tsakanin ƙarshen 2022 da tsakiyar 2023, daidai lokacin da aka canja takardun naira. Duk wanda abincinsa ke fitowa daga tsabar kuɗi ya san abin da wannan lokaci ya yi wa mutane. 'Yan rumfarmu sun sha tambayata yadda aka yi cinikin bai wargaje ba, nakan ba su amsa guntu-guntu tsakanin mai saye da mai saye. Yau ga shi nan gaba ɗaya.

Maganar gida ta shiga raina sosai ne bayan rikicin watan Maris na 2016, da gwamnati ta rufe kasuwar aka bar mu zaune, kaya na ruɓewa a mota. Muna haya a Ketu a lokacin. Wasu abokaina suka kwashi iyali suka mayar Arewa. Ni na dubi nawa yaran, nan aka haife su, nan makarantarsu take, na ga ko na tafi dawowa zan yi. To in zama za a yi, gara mutum ya zauna inda ba mai buga masa ƙofa duk shekara da sabon farashi. Na fara tari. Da ma tun 2015 motocin BRT suka fara kaiwa Ikorodu daga Mile 12, don haka can idona ya karkata.

Kafin tarin nawa ya kai ko'ina, wani ɗan garinmu mai tumatir ya riga ni. Fili ya saya a bayan Ikorodu a hannun dangin masu ƙasa, waɗanda ake kira omo onile. Ya biya fiye da rabi, suka ba shi rasit mai hatimin gidansu, aka yi musabiha. Ciko fa? Ya ce in kaya suka sauka, suka ce ba damuwa. Sai ciwon mahaifinsa ya kira shi gida, ya daɗe yana jinya. Sun aika masa ta bakin dillali, ya ce a yi haƙuri yana nan tafe. Da ya dawo ya tarar da katanga da ƙofar ƙarfe, wani na ɗora bulo. Ba su musa sun karɓi kuɗinsa ba, har cewa suka yi ya zo ya karɓi abinsa. Amma kuɗin da ya biya a wancan lokaci ba ya sayen ko kusurwar filin a ranar da ya dawo. Lauyan da ya je wurinsa bai ɓoye masa ba: tun 1997 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Odusoga da Ricketts cewa wanda ya biya wani sashe ya kasa cikawa, mai fili na da damar warware ciniki ya sayar wa wani. Bawan Allah nan ya rame a idonmu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da za ka yi wa naka.

Saboda haka da dillali ya kawo min maganar wani gida a wajen Agric ta Ikorodu, ban fara zuwa wurin masu gida da kuɗi ba, wurin Barista na fara zuwa. 'Yar wani aminina mai sana'ar goro a Agege ce, a gabanmu ta girma, Hausa da Yarbanci da Turanci duk ba wanda ke yi mata gardama. Baba take ce min. Wasu sun ce me zai kai ni wurin yarinya, ga tsofaffin lauyoyi. Na ce yarinyar da ta ji kunyata ta fi min babban da bai san sunana ba.

Gidan na wani dattijo ne Bayarabe da ya rasu ya bar 'ya'ya. Ɗaki huɗu da falo a gaba, ɗakuna biyu a baya da ɗan haya a ciki. Babban ɗan yana nan Legas, mutum mai fara'a, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ƙanwarsa tana Ingila. Su biyun kotu ta bai wa takardar kula da gado, don haka ba abin da zai tabbata sai da sa hannunsu su duka. Muka daidaita a kan farashi, muka daidaita cewa ba zan iya biya gaba ɗaya ba, sai kashi-kashi. Lauyansu ya rubuto yarjejeniya. Dillali kuwa kullum yana kunnena: Alhaji a sa hannu, akwai wani daga Amurka da ke zuwa da dala.

Barista ta karanta takardar tana shiru, sannan ta ciro kalanda daga bango ta shimfiɗa a tebur.

"Baba, ka san ranaku nawa aka ambata a takardar nan?"

Na ce sai ta faɗa.

"Uku. Duka ukun a wuyanka suke. Ranar da za ka biya na farko, ranar na biyu, ranar na uku. Ranar da za su ba mu takardu babu. Ranar da ɗan haya zai tashi babu. Ranar da za su ba ka makulli babu. Kuma an rubuta in ka makara ko da yini ɗaya, ciniki ya mutu, abin da ka fara bayarwa ya zama nasu."

Ta ce a ƙa'ida, makara kaɗan a cinikin gida ba ta kashe ciniki kai tsaye. Sai mai gida ya rubuto maka gargaɗi ya ba ka lokaci daidai misali. Amma in aka sa sharaɗin cewa ranar ita ce ran cinikin, kamar yadda suka sa, to an rufe wannan ƙofa. Alƙali ba zai tambaye ka dalili ba, kalanda zai duba.

Mu a kasuwa ba haka muke ba. Mace ta ɗauki buhu goma ta ce sai Alhamis, Alhamis ta zo ta kawo rabi, ka yi ɗan faɗa, ka ƙara mata kaya. Manomi a Aliero ko Goronyo ya loda maka mota a kan magana, ka aika masa in an sayar. Bayan Sallah, in kaka ta yi, in kaya suka sauka, waɗannan duk ranaku ne a wurinmu, kuma suna aiki, domin gobe ma za mu haɗu, kowa na buƙatar kowa. Wanda ya sayar maka da gida kuwa ba ya buƙatarka gobe. Sau ɗaya za ku yi hulɗa a duniya, kuma farashin abin da ke tsakaninku hawa yake yi kullum. Duk ranar da ka makara, shi riba ce ta buɗe masa.

Aikin da ta yi wa takardar nan shi ne abin da nake so mutanenmu su ji, don haka zan tsaya a kansa.

Sun rubuta cikon ƙarshe cikin kwana 120. Ta ce daga yaushe? Daga ranar da na sa hannu, ko ranar da ta Ingila ta sa nata, ko ranar da aka rubuta a saman takarda? Ranar farkon tana cikin lissafi ko ba ta ciki? Asabar da Lahadi fa? Ta soke ƙidayar gaba ɗaya, ta ce a rubuta sunan rana da kwanan wata da shekara da ƙarfe nawa. Magadan suka dage a gama komai kafin zaɓe, don kowa na ɗar-ɗar da abin da zai biyo baya. Aka tsaya a kan Juma'a, 24 ga Fabrairu 2023, ƙarfe huɗu na yamma, jajiberin zaɓen shugaban ƙasa. Ta ƙara da cewa duk ranar da ta faɗa a hutun gwamnati ko ranar da banki ba ya aiki, ta koma ranar aiki ta gaba. Lauyansu ya ce ai wannan sananne ne. Ta ce sananne ne a dokokin gwamnati, amma tsakanin mutum da mutum abin da aka rubuta shi ne. Kuma ta yi gaskiya, musamman a ƙasar da hutun Sallah ke jiran ganin wata. A ƙaramar Sallar 2024 ai mun gani: an ba da Talata da Laraba, wata bai tsaya ba, aka ƙara Alhamis 11 ga Afrilu dab da lokaci. Wanda wa'adinsa ya faɗa wannan Alhamis bai rubuta komai ba, sai ya tarar da banki a kulle.

Sai maganar mece ce biya. Ni a wurina in na tura kuɗi na biya. Su a wurinsu sai sun ga alat. Aka rubuta lambar asusu guda ɗaya a cikin yarjejeniyar, aka ce biya shi ne kuɗi ya sauka a wannan asusu, ba a asusun wani ƙane ko dillali ba. Wannan sharaɗi bai yi min daɗi ba, amma ta ce gara in san inda nake tsaye. Na ce to in kawo musu tsaba a jaka mana, kowa ya huta. Ta ce dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kuma ko babu doka, takardar banki shaida ce da ba ta mutuwa ba ta tafiya Ingila.

Sannan ta juya kansu. Kashi na farko ba hannunsu zai shiga ba, zai zauna a amana wurin lauya har a gama bincike, kuma kwanakin binciken ba za su fara ƙirguwa ba sai ranar da suka miƙo kwafin takardu cikakku: takardar mallaka, taswirar safiyo, takardar kula da gado. Da su za ta je ofishin rajistar filaye a Alausa ta ga ko an jinginar da gidan a banki ko akwai ƙara a kansa, ta je ofishin babban safiyo na jiha a duba ko filin ya faɗa cikin wanda gwamnati ta karɓe, ta je rajistar gado ta babbar kotu ta tabbatar takardar magadan ba ta bugawa ba ce. In aka ga matsala a cikin wa'adin, in janye a mayar min da kuɗina ba ragi. Ɗan haya kuma, tunda na shekara ne, dokar haya ta Legas ta 2011 ta ba shi notis na wata shida, ba a fitar da shi da ƙarfi. Saboda haka ta sa musu ranar da za su ba shi notis, da ranar miƙa makulli a ƙarshen Afrilu. Kashi goma cikin ɗari na kuɗin gidan zai tsaya a amana har sai makulli ya shigo hannuna, kuma duk watan da suka makara za a cire kuɗin hayar da na biya a inda nake zaune.

Na ƙarshe, layi biyu ne kawai: ba ƙarin lokaci, ba rangwame, ba canjin komai, sai a rubuce da sa hannun magada biyu da nawa, kuma kafin ranar ta wuce.

Maganar cinye kafin alƙalami ce ta tsaya min a wuya, sai na kai ta wurin malaminmu bayan sallar Asuba. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yarda da cinikin da za a ce in mai saye ya fasa, abin da ya fara bayarwa ya zama na mai kaya ba. Hambaliyya ne suka halatta. Ya ce in da hali a cire. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni dai duk rubuce-rubucen nan sun fara isata, kamar ba a yarda da juna ba." Ya yi dariya ya ce in je in buɗe Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, in ga a kan me ta sauka. Bashi zuwa ajali ambatacce, a rubuta, a kafa shaidu. Ya ce ba Turawa suka kawo mana wannan ba.

An ja sosai a kan wannan. Ƙanwar ta Ingila, ta waya, ta ce ba ta yarda a sassauta komai ba. A ƙarshe aka yi musaya: suka yarda duk abin da na biya sashe ne na kuɗin gida, in ciniki ya mutu za su mayar min cikin wa'adi su cire abin da suka kashe kawai. Mu kuma muka haƙura da kwanakin gargaɗi da Barista ta nema. Ranar Juma'ar nan ta zauna daram, ba ɗaga ƙafa. Barista ta ce, "Baba, ka gane abin da muka saya da abin da muka sayar? Kuɗinka ba zai ɓata ba, amma in ka makara gidan ya tafi." Na ce na gane. Disamba albasa na tsada, Janairu sabuwa na sauka, ban ga abin da zai hana ni ba. Muka sa hannu a watan Oktoba.

Ba a rufa wata ba, ranar 26 ga Oktoba, Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya fito ya ce za a canja takardun 200 da 500 da 1,000.

Da farko ba wanda ya ɗauke ta da zafi. Bincike ya fito lafiya, aka saki kashi na farko. Na biyu na biya a Disamba da sauran kwanaki a gaba, kasuwa na ci. Sababbin kuɗi sun fito 15 ga Disamba, sai dai a hoto muka fi ganinsu. Daga 9 ga Janairu aka taƙaita abin da mutum zai cira a mako zuwa naira 500,000, wanda a aikace ko kusa da shi ba ka samu. Aka ce tsofaffi za su daina aiki 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya kwashi abin da ke hannunsa ya zuba a banki, banki kuma ya rufe baki.

Kasuwa ta mutu a tsaye. Matan da ke sari a wurina ba su ƙi biya ba, su ma ba mai saye, don mai sayen albasar naira ɗari biyu ba taransfa zai yi ba. Direba na son tsaba, 'yan dako na son tsaba, manomi a ƙauye ba shi da asusu balle alat. Masu POS suna sayar maka da kuɗinka. Sabuwar albasa kuwa da ruwanta take zuwa, zafin Legas da laimarsa ba sa yi mata uzuri. A tsakiyar Fabrairu har tarzoma aka yi a kan titin Ikorodu, wajen Ketu da Mile 12, aka ƙona tayoyi. Kuɗin cikona yana nan a lissafi, amma rabinsa a hannun mutane yake, wani kuma a buhu.

Tun farkon watan Barista ta kira ni. "Baba, kuɗin ya haɗu?"

Na ce ya kusa, kuma kada ta damu, na yi magana da babban ɗan. Gaskiya ne mun yi. Shi da kansa ya ce, Alhaji kowa ya ga halin da ƙasa ke ciki, ko bayan zaɓe ne ka kawo, mu ba mutanen banza ba ne. Har ga Allah na yarda da gaske yake, har yau ban canja ba.

Ta ce, "Na yarda mutumin kirki ne. Amma shi ɗaya ne cikin biyu, kuma a waya ya faɗa. Bari in rubuta musu yau. In sun sa hannu, alhamdu lillahi. Kafin nan, Baba, ka nemi kuɗin nan kamar ba a yi wannan magana ba."

Ta rubuta takardar neman ƙarin wata ɗaya, ta kai ofishin lauyansu da hannu, aka buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinta. Babban ɗan ya sa hannu washegari. Ƙanwar ta ce tana dubawa. Aka sake tuntuɓa, tana wurin aiki. Aka sake, za ta kira. Ba ta taɓa cewa a'a ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da ta ƙi kai tsaye da na san matsayina. Wannan jan kuwa yana cin kwanakina ne ina ganin kamar akwai bege.

Ina da 'yan shanu a gida da na ba kiwo shekara da shekaru, su ne asusun tsufana. Na kira ƙanena na ce a kai kasuwa. Ya ce, "Yaya, yanzu? Ba mai kuɗi a hannu, faɗuwa za a yi." Na ce a faɗi. Aka sami mahaucin da ke iya taransfa, ya saya yadda ya ga dama, don ya san ba mu da zaɓi. Har yau in na tuna farashin bijimin nan sai na ji wani abu a ƙirjina. Albasar da ke ƙasa na karya mata farashi na bai wa masu gidajen abinci da ke biya ta banki. Uwargida ta kawo kuɗin adashinta ba tare da na tambaya ba. Abin da ya rage mahaifin Barista ya ranta min, ita kuma ta rubuta mana takarda, ni da aminina na shekara talatin, da rana da wata. Ya kalle ta ya ce, "Har ni?" Ta ce, "Har kai, Abba."

Na so in tura ta waya. Ta hana. A makonnin nan kuɗi kan fita daga asusunka bai isa can ba, ya rataye a sama, ka yi ta zarya kafin a dawo maka da shi, kuma yarjejeniya ta ce sai ya sauka. Ta ce banki za mu shiga mu cika fom a kanta, kuma ba ranar Juma'a ba, ba ma Alhamis ba, farkon mako, don in ya maƙale a sami sararin bin sa. Muka yi sammako muka tarar da ƙofar banki cike da jama'a, tsofaffi zaune a ƙasa, wani na kuka wani na zagi. Da kyar mai gadi ya gane ba cira muka zo yi ba. Aka karɓi fom, aka cire kuɗin daga asusuna a gabana. La'asar ta yi, lauyansu ya ce bai ga komai ba. Washegari ma haka. Daren nan ban san na runtsa ba. Barista ta koma bankin da takarda a rubuce, ta zauna a ofishin manaja ta ce ba ta tashi sai an ba ta shaidar inda kuɗin yake. Ranar Laraba da rana ya sauka.

Na ce alhamdu lillahi, mu tafi gida. Ta ce saura. Ta ɗauke ni har ofishin lauyansu, ta sa ya rubuta cewa an karɓi cikon kuɗi rana kaza ƙarfe kaza, cikin wa'adi, ya sa hannu ya buga hatimi. Fuskarsa ba ta nuna murnar wanda aka kawo wa kuɗi ba. Bayan an kwana biyu dillali, da ya karɓi la'adarsa bakinsa ya buɗe, ya ce min ƙanwar ta sami wanda ya ɗora kuɗi mai kauri a kan nawa, kuma takardar warware ciniki na nan an buga, ana jiran huɗu ta Juma'a. Ban riƙe ta a zuciya ba. Gidan ubanta ne, naira na zubewa, ita kuma da fam take lissafi, kuma ba abin da ta shirya yi da takarda ba ta ba ta dama ba. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara. Mako ɗaya ke nan bayan ranar tawa. Da jiran sauƙi na tsaya yi, da ya zo ya tarar ba gida.

Daga nan kalanda ta juya ta fuskanci wancan ɓangare. Ashe babban ɗan bai ba ɗan haya notis a ranar da aka rubuta ba. Mutumin abokin marigayi ne, yana jin nauyinsa, ya yi ta cewa gobe har Disamba. Wata shida daga Disamba kuwa Yuni ne, ba yadda za a yi da shi. Azumi ya zo ya wuce, aka yi Sallah 21 ga Afrilu, ƙarshen wata ya yi, ba makulli. Ni kuma hayata ta Ketu ta ƙare, sai da na roƙi maigidan ya bar ni ina biya wata-wata a kan sabon farashi. Kashegarin ranar da suka saɓa, Barista ta aika musu takarda cewa wa'adi ya wuce, lissafi ya fara. Na ce ba a ɗan jira ba? Ta ce in muka yi shiru za a iya cewa mun yafe, shiru ma magana ce a gaban alƙali.

Wasu matasa a rumfa suka ce in ba su dama su je su cire rufin ɗakin mutumin ya tashi da kansa. Na ce ba da ni ba. Laifi ne a dokar Legas, kuma ni ma ɗan haya ne a ranar da suke wannan magana. Tsohon ya tashi da kansa a Yuni, har ya zo ya yi min sallama.

Ranar miƙa makulli babban ɗan ya zo ofishin Barista shi kaɗai, da takardun da ƙanwar ta sa wa hannu ta aiko. Barista ta ƙi sakin kuɗin amana sai da ta ga komai ya cika: takardar miƙa mallaka, da fom ɗin neman amincewar gwamna, da hotuna, da asalin takardun gidan. Ta ce wanda ya karɓi kuɗinsa duka, nemansa ya sa hannu daga baya aiki ne. Amincewar gwamnan kuwa ba ado ba ce. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 ƙasa na hannun gwamna, kuma cinikin gida mai takardar mallaka ba ya cika sai ya amince. An ma sami sauƙi, don a 2015 zamanin Gwamna Fashola aka rage kuɗin neman amincewar daga kashi 13 zuwa kashi 3 cikin ɗari na ƙimar da gwamnati ta yi wa gida. Ba ta bar takardun sun kwana a durowa ba, a makon ta shigar da su Alausa.

Da aka zo lissafin ragi, mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, Alhaji, ni fa na sa maka hannu lokacin da kake cikin matsi. Gaskiya ya faɗa. Na fito da rasit ɗin hayar da na biya, na ce a raba biyu, rabin ƙanwarsa a cire, rabinsa na yafe. Barista ta ɗaga kai ta dube ni, ba ta ce komai ba, ta jawo takarda ta rubuta yafewar, muka sa hannu. Shanun ban mayar da su ba har yanzu, bashin aminina kuwa na biya kafin ranarsa. Matar babban ɗan tana da ɗan gidan abinci a Ogolonto, a wurina take sarin albasa yanzu, kuma ina bin ta kuɗin buhu biyu tun kafin azumi.